Fiyano Biyu na Winifred Atwell: Wanda Ta Yi Wa Karatu da Wanda Ya Ciyar da Ita

A tsakiyar shekarun 1950, duk wanda ya yanki tikiti ya shiga gidan wasa a Ingila don kallon Winifred Atwell ya san abin da ya zo jira. Za ta fito cikin doguwar riga mai walƙiya, ta zauna gaban ƙaton fiyano baƙi wul mai sheƙi, irin wanda ake ɗaga murfinsa kamar fiffike, ta kaɗa wani abu daga kiɗan manya na Turai, irin su Chopin. Zaure ya yi tsit, a saurara, a tafa cikin ladabi. Daga nan sai ta miƙe ta shaida wa jama'a cewa za ta koma kan "ɗaya fiyanon nawa". A gefen dandamali ga wani tsohon fiyano tsaye, ya sha jiki, sautinsa na karkarwa kamar zai tarwatse. Da ta ɗora yatsu a kansa sai zauren ya rikice, ana buga ƙafa, ana tafi, ana rera waƙoƙin da kowa ya taso ya ji a bakin kakarsa.

Wannan tsohon fiyano a shagon gwanjo aka saye shi, a unguwar Battersea da ke Landan, kan sule hamsin, wato fam biyu da sule goma. Dattawanmu da suka kashe fam da sule kafin zuwan naira a 1973 sun san wannan lissafi. Hannuwan da ke kaɗa shi kuwa an yi musu inshorar fam 40,000 a Lloyd's ta Landan, har da sharaɗin kada ta riƙa wanke-wanke. Kuɗin inshorar ya ninka kuɗin fiyanon sau dubu goma sha shida. A tsakanin waɗannan fiyano biyu labarin matar nan yake, kuma sai an fahimce su za a gane yadda baƙar fata daga wani tsibiri ta zama ɗaya daga cikin makaɗan da suka fi kowa kasuwa a Birtaniya, da kuma yadda aka yi sunanta ya kusan ɓacewa daga baya.

An haifi Una Winifred Atwell a shekarun 1910 a garin Tunapuna, a tsibirin Tirinidad, lokacin yana ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Gidansu suna da kantin magani, ita ma sai da ta karanci haɗa magunguna, don abin da aka sa rai za ta gada ke nan. Amma tun tana ƙarama take taɓa fiyano, kuma kiɗan kilasik aka koya mata, wato tsararren kiɗan nan na Turai da ake karantawa a takarda, ba a ƙara ba a rage. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya karkata mata hanya. Bayan yarjejeniyar da Ingila da Amurka suka ƙulla a 1940, sojojin Amurka suka kafa sansanoni a Tirinidad, ita kuma ta riƙa yi musu kiɗa a wajen filin jirgin sama na Piarco. Sojoji ba Chopin suke nema ba, bugi-wugi suke so, kiɗan baƙaƙen Amurka mai zafi. Ta koma gida ta koya, har ta tsara nata mai suna "Piarco Boogie", wanda daga baya aka sake wa suna "Five Finger Boogie".

Duk da haka zuciyarta na wajen kilasik. Ta tafi Amurka ta yi karatu a hannun gwanin fiyano Alexander Borovsky, sannan da yaƙi ya ƙare ta wuce Landan ta shiga makarantar kiɗa ta Royal Academy of Music. Karatu yana cin kuɗi, ɗakin haya ma haka. Sai ta zama da rana ɗaliba, da dare kuma makaɗiya a ƙananan gidajen wasa da kulob-kulob, tana kaɗa abin da zai kawo na abinci. A 1947 ta auri Lew Levisohn, tsohon ɗan wasan barkwanci wanda ya san dandamali ciki da bai. Ya ajiye nasa wasan ya zama manajanta, kuma shi ne ya hango cewa abin da take ɗauka a matsayin neman na tuwo shi ne jarin. Ba a daɗe ba babban dillalin wasanni Bernard Delfont ya ɗauke ta, a 1951 kuma kamfanin faifai na Decca ya sa hannu da ita.

A nan ya kamata a tsaya a yi bayanin kiɗan da take kaɗawa a tsohon fiyanon, wato ragtaim da bugi-wugi, domin da yawa suna jin sa suna ɗauka wasan yara ne. Ragtaim kiɗa ne da baƙaƙen Amurka suka ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, wanda Scott Joplin ya fi kowa shahara da shi tun daga "Maple Leaf Rag" na 1899. Sirrinsa yana cikin rabon aiki tsakanin hannu biyu. Hagu ba ya fasa awo: ya dira can ƙasa inda sauti yake da kauri, ya yi tsalle ya dawo tsakiya, ya sake dira ƙasa, kamar saukar taɓarya a turmi. Dama kuwa ba ya sauka tare da hagu, a tsakankanin saukar yake faɗowa, yana riga ko yana jinkiri da gangan. Wanda ya taɓa tsayawa ya saurari mata suna lugude ya san yadda bugu biyu da ba sa haɗuwa suke haifar da wani kari na uku da ke motsa kafaɗa. Bugi-wugi kuma ya fi haka matsa wa hagu, domin ba hutu, yana ta mirgina sauti takwas-takwas ba tsayawa har kiɗan ya ƙare. Mai yin wannan da gudu, ba tuntuɓe, yana kuma murmushi yana kallon jama'a maimakon madannai, ba ƙaramin gwani ba ne. Winifred har ƙifta ido take yi wa kyamara tana cikin kaɗawa.

Sautin tsohon fiyanon ma ba hatsari ba ne. Fiyano yana da madannai 88, kuma a mafi yawansu tsirkiya uku ce ke jere, ƙaramar guduma mai laushi tana dukansu gaba ɗaya idan aka danna. A lafiyayyen fiyano ukun nan ana ɗaure su daidai wa daida har kunne ya ji su kamar ɗaya. Idan aka ɗan sassauta ɗaya, ko tsufa da danshi suka sassauta ta, sai sautukan su riƙa gogayya da juna, a ji wani amo mai rawa, mai ƙarar ƙarfe-ƙarfe. Wannan shi ake kira honki-tonk. A makarantar kiɗa aibi ne da ake kiran mai gyara ya kawar. A kunnen talakan Ingila kuwa sautin gida ne, domin haka fiyanon mashayar unguwarsu yake, haka na falon goggonsu yake.

Faifan da ya buɗe mata ƙofa ma ya nuna inda jama'a suka karkata. An fitar da "Cross Hands Boogie" don nuna gwanintarta, kiɗan da hannuwa ke tsallake juna. A bayan faifan aka sa wani tsohon ragtaim da George Botsford ya tsara a 1908, "Black and White Rag", don cika wuri. Masu gabatar da shiri a rediyo suka juya faifan suka kama na bayan, masu saye suka bi su. Wanda aka yi don cike gurbi shi ya zama tambarinta har ta koma ga Mahaliccinta.

Me ya sa Ingila ta rungumi wannan kiɗa haka a daidai wannan lokaci? A ganina amsar tana cikin halin da ƙasar take ciki. An ci yaƙi, amma an fito a jigace. Unguwanni da dama a Landan kango ne saboda ruwan bama-bamai, kuma rabon abinci da kati bai ƙare gaba ɗaya ba sai a 1954, shekara tara bayan an ajiye makamai. Mutanen da suka sha wannan wuya ba sabon abu suke nema ba, abin da zai tuna musu da zaman da aka yi kafin komai ya rushe suke so. Al'adarsu kuwa ita ce a taru a mashaya ko a falo a kewaye fiyano, wani ya kaɗa, kowa ya rera. Sai dai masu iya kaɗawa a gidaje suna ta raguwa, garmaho yana ƙaruwa. Winifred ta shiga wannan giɓi. Faifan wancan zamani mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowane gefe, sai ta riƙa ɗinke tsofaffin waƙoƙi biyar-biyar a gefe guda, amshi kawai, da an gama wannan a faɗa wancan, ba murya ko ɗaya a ciki. Muryar ta masu gida ce. Faifan ya zama makaɗin da aka gayyato biki, wanda ba ya gajiya, ba ya neman sallama.

Sa'a ta kuma zo mata ta wani ɓangaren. A watan Nuwamba na 1952 jaridar New Musical Express ta fara wallafa jadawalin faifan da suka fi ciniki a Birtaniya, ta hanyar buga waya shaguna ana tambayar abin da aka fi saye. Tun daga watannin farko sunanta ya shiga da "Britannia Rag", a shekarar da ta yi wasa gaban sabuwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a taron Royal Variety Performance. Da aka zo naɗin Sarauniyar a 1953 ta fitar da "Coronation Rag". A ƙarshen shekarar "Let's Have a Party" ya biyo baya. Sannan a Disamban 1954 faifan "Let's Have Another Party", wanda ta yi wa kamfanin Philips, ya hau na ɗaya ya yi mako biyar a can, ya cinye kasuwar Kirsimeti. Ita ce baƙar fata ta farko, mace ko namiji, da ta kai wannan matsayi a jadawalin Birtaniya, kuma ita ce mace ta farko da ta kai shi da kiɗa zalla ba waƙa. A Afrilun 1956 ta sake hawa da "The Poor People of Paris". Wannan karin asalinsa na Faransa ne, Marguerite Monnot ta tsara shi, Edith Piaf ta rera, kuma labarin wani talaka ne mai suna Jean. A Faransanci sunan Jean da kalmar da ke nufin mutane kusan furucinsu ɗaya, shi ya sa wajen juya sunan zuwa Turanci talaka guda ya koma talakawan Faris. Jimillar faifanta da aka sayar ta haura miliyan 20.

Akwai wani abu a cikin faifan 1954 ɗin da ba na iya wucewa ban tsaya a kansa ba. Cikin waƙoƙi goman da ta ɗinke akwai "Lily of Laguna", tsohuwar waƙa ta ƙarshen ƙarni na 19 wadda Bature Eugene Stratton ya shahara da ita yana shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon baƙaƙe. Ga shi yanzu baƙar mace ta gaske tana kaɗa ta, Turawa na rerawa, ita ce kuma ke karɓar kuɗin. Wannan ita ce ƙasar da ta samu kanta a ciki. A 1948 jirgin ruwa Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan 'yan yankin Karibiyan a tashar Tilbury, dubbai suka biyo baya, suna neman ɗakin haya ana rufe musu ƙofa saboda launin fata. A 1958 aka yi tarzomar Notting Hill inda matasan Turawa suka far wa baƙaƙe a gidajensu. A wannan shekarar ce kuma BBC ta fara shirin The Black and White Minstrel Show, na mawaƙa masu shafa baƙi a fuska, wanda bai sauka daga talabijin ba sai 1978. A cikin wannan yanayi Winifred take da shirinta na kanta a talabijin, a tashar ITV a 1956 sannan a BBC a shekarar da ta biyo. Gidan da ba zai ba ɗan Tirinidad hayar ɗaki ba, a falonsa ana zaune ana kallon 'yar Tirinidad ana jin daɗi.

Wasu na iya cewa ta yi shiru ne ta ci moriya. Abin da ta aikata bai nuna haka ba. A tsakiyar shekarun 1950, tana kan ganiyar suna, ta buɗe shagon gyaran gashi a Brixton, unguwar da 'yan Karibiyan suka fi taruwa a kudancin Landan. Yana cikin na farko-farko a ƙasar da aka buɗe musamman don gashin baƙaƙen mata. A wancan lokaci mace baƙa za ta shiga shagon gyaran gashi a ce mata ba a san yadda ake taɓa irin gashinta ba, sai dai ta koma ɗaki wata 'yar'uwa ta gyara mata. Karatun haɗa magunguna da ta baro a Tunapuna a nan ya yi rana, domin da shi ta shiga harkar mayukan gashi. Ba ta kuma rowar ɗaga na ƙasa. Wani direban bas na Landan mai suna Terry Parsons ya naɗi muryarsa a faifan gwaji, faifan ya faɗa hannunta, ta kai maganarsa Decca. Da za a sake masa sunan dandamali sai aka ɗauko Monro, sunan mahaifinta. Shi ne Matt Monro, wanda ya rera waƙar fim ɗin James Bond na 1963, From Russia with Love.

To ina babban fiyanon ya kwana? Ba ta taɓa sakin sa ba. A 1954 ta naɗi konshato na Edvard Grieg, wato dogon kiɗan kilasik da fiyano ke jagoranta, tare da ƙungiyar makaɗa ta London Philharmonic ƙarƙashin jagorancin Stanford Robinson, aikin da ba a ba wanda bai ƙware ba. A shekarar kuma wani yanki daga kiɗan Rachmaninoff da ta kaɗa ya shiga jadawalin ciniki. Ta yi "Rhapsody in Blue" na Gershwin, kiɗan da shi kansa gada ne tsakanin kilasik da kiɗan baƙaƙen Amurka, wanda ya dace da ita kamar don ita aka yi shi. Amma duniyar kilasik tana da mugun kishi. Wanda aka gani yana kaɗa wa masu shan giya suna rawa, da wuya a sake ɗaukarsa da muhimmanci a babban zaure, balle mace, balle baƙa, a 1954. Jama'a kuma, ko da sun tafa wa Grieg, hankalinsu na gefen dandamali inda tsohon fiyanon yake. An yi ta ɗaukar kayan gwanjon nan a jirgi ƙasa-ƙasa ana yawo da shi, don ba a karɓar wasanta idan babu shi. Ni dai ina ganin an yi asarar wata babbar makaɗiyar kilasik a nan, kuma ba gazawarta ba ce ta jawo. Kasuwa ta zaɓar mata, haya da albashin ma'aikata kuma ba sa jira.

Faɗuwar kasuwar ta zo da sauri. A ƙarshen 1955 "Rock Around the Clock" na Bill Haley ya hau na ɗaya a Birtaniya, masu sayen faifai suka sauya daga iyaye zuwa 'ya'yansu matasa, waɗanda ba su da wata kewa ta kafin yaƙi. Ta gwada bin su da "Let's Rock 'n' Roll" a 1957, bai kai na baya ba. Fagen da ta share ma wasu suka shigo: Russ Conway ya hau na ɗaya sau biyu a 1959 da "Side Saddle" da "Roulette", Mrs Mills ta ɓullo a 1961 da irin wannan kiɗan taro. "Piano Party" na ƙarshen 1959 shi ne babban cinikinta na ƙarshe. Da Beatles suka mamaye ƙasar a 1963, jita ta kori fiyano daga falo.

Dalilan da suka sa aka manta da ita sun fi wannan zurfi. Masu rubuta tarihin kiɗan zamani na Birtaniya sukan fara ne daga rok, duk abin da ya gabace shi sai a dunƙule shi a shafi ɗaya a kira shi kiɗan iyaye. Masana kilasik ba su ƙirga ta a nasu ba, masana jaz ma haka, don a wajensu kiɗanta na kasuwa ne. Kiɗan da ba shi da baiti kuma ba ya zama a baki tare da sunan mai shi. Misali mafi bayyana shi ne shirin BBC na wasan sunuka, wasan tunkuɗa ƙwallaye da sanda a kan tebur, mai suna Pot Black, wanda aka fara a 1969. "Black and White Rag" nata ne taken buɗe shirin, miliyoyin mutane suka haddace shi shekara da shekaru, akasarinsu ba su san yatsun wa suke ji ba. Waɗanda ba su manta ba su ne yaran da suka zauna gaban talabijin suna kallon hannuwanta. Shahararren mawaƙi Elton John ya sha faɗa cewa tana cikin waɗanda suka fara sa masa son fiyano, makaɗin rok Keith Emerson ma ya ambace ta.

Inda ba a juya mata baya ba shi ne Ostareliya. Tun zuwanta na farko a 1955 ta cika gidajen wasan Tivoli fiye da yadda aka saba gani, a ƙasar da dokarta ta shige da fice take fifita fararen fata ƙarara. A can ma ba ta kama bakinta ba. Ta fito fili ta yi magana kan ƙuncin da 'yan asalin ƙasar, Aborijin, suke ciki, jaridu suka ɗauka, a lokacin da baƙon da ya zo neman kuɗi yakan ga ya fi masa sauƙi ya kaɗa ya karɓi nasa ya tafi. Ƙasarta ta haihuwa, wadda ta samu 'yanci a 1962, ta karrama ta da lambar zinariya ta Hummingbird a 1969. A farkon shekarun 1970 ita da mijinta suka tattara suka koma Sidni da zama, ta ci gaba da wasa a kulob-kulob da talabijin, daga baya ta zama 'yar ƙasa.

Lew ya riga ta rasuwa a ƙarshen shekarun 1970. A farkon 1983 gobara ta cinye gidanta da ke Narrabeen, bugun zuciya ya biyo baya, ta rasu a Sidni ranar 28 ga Fabrairu, 1983. An binne ta a South Gundurimba, wani ƙauye kusa da Lismore a arewacin jihar New South Wales, nesa da Tunapuna, nesa da Landan, a gefen kabarin mutumin da ya fara tsayar da fiyano biyu a dandamali ya ce ta kaɗa duka.